Gani Ya Kori Ji: Amfani da Hotuna Wajen Renon Yara Masu Galahanga

A kusan kowane gari na ƙasar Hausa, tun daga birnin Sakkwato har zuwa Dandin Mahe da ƙauyukan ƙasar Shagari da Boɗinga, akan sami yaro wanda al'amarinsa ya ɗaure wa iyayensa kai. Jikinsa lafiya lau, yana ci yana sha, kuma ba kurma ba ne, domin da zarar babur ya gifta a waje zai ɗaga kai. Amma idan aka kira sunansa sai ka ce da garu ake magana. Ya kai shekara huɗu ko biyar bakinsa bai buɗe ba, ko kuwa ya buɗe amma ba ya faɗin komai sai maimaita abin da aka ce masa. Ba ya shiga wasan tsararrakinsa; ya fi son ya zauna shi kaɗai yana jera murafen kwalba ko yana juya faifai. Ranar da aka sauya masa kwanon da ya saba cin tuwo a ciki, ko aka bi da shi wata hanya dabam zuwa gidan kakarsa, sai ya fasa ihu ya yi ta birgima, wani lokaci har ya riƙa buga kansa da ƙasa. Mutanen unguwa kuwa kowa da tasa fassarar: wannan ya ce taurin kai ne, wancan ya ce iska ce ta shafe shi, wata ta ce uwarsa ce ta sangarta shi. Ƙarshenta yaron yakan sha duka, ko a kulle shi a ɗaki, ko a ɗaure masa ƙafa don gudun kada ya fita ya faɗa rijiya.

Da yawa daga cikin irin waɗannan yara suna da lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda gidajen rediyon Hausa suka saba kira galahanga. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan hanya guda mai sauƙi da arha ta taimaka musu wajen hidimomin yau da kullum, wato amfani da abin da ido zai gani, kamar hoto ko zane ko ainihin kayan aiki, a maimakon dogara ga baki kaɗai.

Mece ce galahanga?

Wani likitan yara mai suna Leo Kanner, wanda ke aiki a asibitin Johns Hopkins na ƙasar Amurka, shi ne ya wallafa bayanin da ya shahara a kan wannan lalura a shekarar 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. Daga cikin abubuwan da ya lura da su har da tsananin son yaran ga komai ya zauna yadda yake, kada a sauya. Shekara guda bayan haka wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Asperger, ya bayyana wasu yara masu irin wannan hali amma bakinsu a buɗe. A yau masana sun haɗa su duka a ƙarƙashin suna ɗaya, domin sun gane lalurar hawa-hawa ce: akwai yaron da ba zai taɓa yin magana ba, akwai kuma wanda zai yi karatu har ya gama jami'a. Abin da ya haɗa su abu biyu ne. Na farko, wahala wajen cuɗanya da mutane da isar da saƙo. Na biyu, nacewa ga maimaita abu guda, tare da jin ƙara ko haske ko taɓawa fiye da yadda sauran mutane ke ji, ko ƙasa da haka.

Lalurar tana samuwa ne daga yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, kuma gado yana da babban kaso a ciki. Binciken da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a kan tagwaye a Ingila a 1977 shi ne ya fara nuna haka sarai, ya kuma taimaka wajen rushe tsohon zargin da ake yi wa iyaye mata a ƙasashen Turai cewa rashin nuna ƙauna ne ke jawo ta. Ashe ɗora wa uwa laifi ba a nan kaɗai aka yi shi ba. Haka kuma allurar rigakafi ba ta kawo galahanga. Rahoton da ya haifar da wannan jita-jita a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, sannan wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan yara fiye da 650,000 a ƙasar Denmak bai ga wata alaƙa ba tsakanin allurar ƙyanda da lalurar.

An daɗe wasu suna zaton ciwon Turawa ne. Amma tun a 1978 wani masani, Victor Lotter, ya ba da rahoton samun yara masu galahanga a ƙasashen Afirka da ya zagaya, ciki har da Nijeriya. Ƙiyasin da aka yi na duniya baki ɗaya na shekarar 2021 ya nuna kimanin mutum 1 cikin 127 na da ita, kuma an fi gano ta a tsakanin maza. Idan aka auna da wannan, makarantar firamare mai yara ɗari biyar za ta iya ƙunsar uku ko huɗu, in har an kai su makarantar ke nan.

Akwai wani abu da ya kamata mu kiyaye a nan ƙasar. Littattafan Turawa suna yawan ambaton ƙin kallon idon mutane a matsayin alama. To, mu kuwa yaron da ya sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ya yi. Saboda haka ya fi kyau a duba wasu alamun: shin yana waiwayowa idan an kira sunansa? Yana nuna abu da yatsa don wani ya taya shi gani, kamar jirgin sama ko raƙumi? Yana kwaikwayon girki ko tuƙin mota a wasa? Yaron da ya kai shekara biyu ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya kamata likita ya gan shi, kuma abin da za a fara aunawa shi ne kunnensa.

Me ya sa ido ya fi kunne?

Magana iska ce. Da zarar ta fita daga baki ta wuce, ba ta tsayawa jiran kowa. Idan uwa ta ce wa ɗanta, "Tashi ka ajiye wannan abin, ka ɗauko buta ka wanke hannu, ka zo ka sha koko kafin ya huce," ta ba shi umarni biyar ne cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Dole ƙwaƙwalwarsa ta tsinto muryarta daga cikin ƙarar daka da kukan akuya da rediyon maƙwabta, ta raba sautin zuwa kalmomi, ta fassara su, sannan ta riƙe su a jere har a gama aikin. Yaro mai lafiya yakan yi duk wannan ba tare da ya san ya yi ba. Ga mai galahanga kuwa kowane mataki nauyi ne. Kafin ya gama fahimtar "tashi", an riga an kai "koko". Idan uwar ta maimaita da ƙarfi, kuma ta sauya kalmomin, sai ya koma farko, ga kuma tsawa ta ƙara rikita shi.

Hoto ba haka yake ba. Yana nan inda aka ajiye shi, yaro zai dube shi sau goma in ya ga dama, ba ya sauya murya, ba ya fushi, kuma abin da ya ce jiya shi zai ce yau. Gwaje-gwajen da Beate Hermelin da Neil O'Connor suka yi a Landan, waɗanda suka tattara a wani littafi a 1970, sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan yara sun fi ƙwazo a aikin da ya danganci gani da tsara abubuwa a kan wanda ya danganci harshe. Ita ma Temple Grandin, shehiyar malama a fannin kimiyyar dabbobi a Amurka, wadda ke da lalurar, ta bayyana a littafinta na 1995 cewa tunaninta da hotuna yake gudana. Ba kowane mai galahanga ne haka ba, amma da yawansu gani ya fi musu sauƙi.

Dalili na biyu ya fi wannan muhimmanci a ganina, wato tsoron abin da ba a sani ba. Mai karatu ya ƙaddara an sauke shi a wata ƙasa da ba ya jin harshenta, kullum sai wasu su kama hannunsa su ja shi, bai san ko wurin cin abinci za a kai shi ba ko wurin allura, bai san yaushe za a dawo ba, bai ma san ko za a dawo ba. Babu shakka zai riƙe duk wani abu da ya sani gam, kuma zai yi kokawa da duk wanda ya zo raba shi da shi. Yawancin abin da muke kira taurin kai a wurin waɗannan yara, wannan tsoron ne. Idan aka nuna wa yaro abin da ke tafe, an ɗauke masa wani kaso mai yawa na fargabar.

Mu kanmu ai da irin wannan muke rayuwa. Direba na bin alamun hanya, ɗalibi na duba jadawalin darussa da aka manna a bangon aji, mai jefa ƙuri'a da bai yi boko ba yana neman tambarin jam'iyyarsa ne. Bambancin kawai shi ne mu sauƙi yake ƙara mana, su kuwa wata ƙofa ce yake buɗe musu.

Masana sun mayar da wannan tunani tsararren aiki. A jihar Karolina ta Arewa a Amurka, Eric Schopler da abokan aikinsa sun kafa shirin da ake kira TEACCH, wanda ya zama na jiha baki ɗaya a 1972, kuma jadawalin hotuna na daga cikin ginshiƙansa. A 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka fito da hanyar PECS, inda yaro ke miƙa hoton abin da yake so a ba shi. A 1993 kuma Gregory MacDuff da Patricia Krantz da Lynn McClannahan suka wallafa wani gwaji a kan yara maza huɗu, waɗanda aka koya musu bin kundin hotuna har suka riƙa tashi daga wannan aiki zuwa wancan ba tare da an ce musu komai ba.

Yadda za a shirya jadawali a gida

Ba a buƙatar kwamfuta ko wani kaya daga birni. Kwalin sabulu ko na taliya, da almakashi, da igiya, da ledar da za a rufe katin don kada ruwa ya ɓata shi, sun wadatar. Abin da ke buƙatar tunani shi ne gano irin alamar da yaron zai iya fahimta, domin gane cewa hoto yana wakiltar wani abu shi ma ilmi ne da ake koyo. Judy DeLoache da abokan bincikenta sun nuna a 1998 cewa jarirai 'yan wata tara sukan yi ƙoƙarin tsinko abin da ke cikin hoto da yatsunsu, kamar na gaske ne, kuma sun ga haka a Amurka da kuma wani ƙauye a Kwaddibuwa. Don haka alamu hawa-hawa ne. Mafi sauƙi shi ne ainihin abin: ludayi yana nufin shan koko, soso yana nufin wanka, buta tana nufin bayi, takalmi yana nufin fita. Sama da wannan sai hoton da aka ɗauka da waya aka wanke, sannan zanen hannu, sannan rubutacciyar kalma. Gwajin ba wuya: a ajiye ludayi da soso a gaban yaro, a nuna masa hoton ludayi, a ga ko zai ɗora shi a kan abin da ya dace. In ya kasa bayan an gwada sau da dama, a koma ga ainihin kayan, a jera su a kan tabarma ko a cikin ƙananan ƙore. Wannan ba koma baya ba ne.

Idan hoto za a ɗauka, a ɗauki butar gidan ita kanta, a kan farin zane, ba tare da tarkace a bayanta ba. Waɗannan yara sukan kula da ƙananan abubuwa ƙwarai. Idan akwai kaza a gefen hoton, mai yiwuwa kazar yaron zai gani. Akwai gidajen da ba sa son ajiye hoton mai rai, kuma wannan ba ya hana komai, domin tabarma da buta da kwano da allo duk ba su da rai, kuma sun isa su bayyana yinin yaro gaba ɗaya. In za a rubuta suna a ƙarƙashin hoton, a rubuta kalmar da ake faɗa a gidan. Yaron Dandin Mahe da ya tashi yana jin "hura", babu dalilin rubuta masa "fura" don kawai haka take a littafi.

A jera katunan daga sama zuwa ƙasa. Littattafan waje sukan ce daga hagu zuwa dama, amma yaronmu yana ganin allo ana karanta shi daga dama, littafin boko kuma daga hagu. Sama zuwa ƙasa ba ya karo da ko ɗaya. A rataye jadawalin daidai tsayin idon yaro, a wuri guda da ba ya sauyawa, kamar bakin ƙofar ɗakin uwarsa.

Kada a fara da yini guda cur. A fara da kati biyu kacal, abin da ake kira "da farko, sannan". Katin sama shi ne abin da ake so yaro ya yi, na ƙasa kuma abin da shi yake so: da farko wanka, sannan ƙosai, da farko sa riga, sannan wasa da murafen kwalba. Uwa ta nuna katin da yatsa ta ce, "Wanka, sannan ƙosai," ta yi shiru, ta ƙirga goma a zuci. Wannan shirun yana da wuya ga manya, amma a cikinsa ne yaron ke aikin fahimta. Da an gama wanka, nan take a ba shi ƙosan. Nan ne gaba ɗaya sirrin yake: kati ba ya ƙarya. Mu Hausawa mun saba lallashin yaro da alkawarin da ba za a cika ba, a ce masa "yi shiru, Baba zai sayo maka mota". Ranar da aka yi wa yaro mai galahanga haka da kati, an kashe katin, kuma sake gina amincewarsa zai ci makonni.

Idan ya saba da biyu sai a ƙara zuwa uku, zuwa biyar, har a kai rabin yini. A ajiye ƙwarya a ƙarƙashin jadawalin. Duk aikin da aka gama, yaron da kansa ya cire katin ya jefa a ciki, a ce "an gama". Ganin katunan suna raguwa shi ne agogonsa. A wannan fanni ma mun yi sa'a, domin yininmu a tsare yake tun asali. Kiran sallar Asuba, Azahar, La'asar, Magariba da Isha'i sun raba yini gida-gida, kuma kowa a gari yana jin su. Jadawalin da aka ɗaura a kan waɗannan lokuta ya fi wanda aka ɗaura a kan ƙarfe kaza dacewa da gidan da ba kowa ke duba agogo ba.

Wajen koyarwa, mai taimakon ya tsaya a bayan yaro, ya kama hannunsa a hankali ya kai shi ga katin, sannan ga wurin aikin, ba tare da yawan surutu ba. Bayan kwanaki sai ya koma taɓa gwiwar hannu kawai, sannan kafaɗa, sannan ya ja baya. Manufa ita ce yaro ya dogara ga jadawalin, ba ga mutum ba. Kuma ba dole sai uwa ba. A gidan da uwa ke kunyar ɗan fari, kaka ko gwaggo ko yaya za ta iya ɗaukar aikin. Abin da ake bukata shi ne duk mutanen gidan, har da kishiyoyi da 'ya'yansu, su yi amfani da kati ɗaya da kalma ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aiki daki-daki, zaɓi, da jira

Wasu ayyukan da muke gani guda ne, a gaskiya jerin ayyuka ne. Shiga bayi ya ƙunshi ɗaukar buta, sa takalmi, cire wando, tsugunawa, tsarki, mayar da wando, da wanke hannu da sabulu. Yaro zai iya sanin shida daga ciki ya maƙale a ɗaya, a ce ya ƙi koyo. Idan aka zana matakan a jere aka manna a bakin bayin, nan da nan za a ga inda yake tsayawa. Haka alwala, wadda da ma a jere take, da sa tufafi, da haɗa jakar makaranta. Sau da yawa ya fi kyau a yi masa duk matakan a bar masa na ƙarshe, in ya iya shi a bar masa biyun ƙarshe, domin kullum ya ƙare da nasara.

Jadawali mu ne ke magana da yaro. Akwai kuma katunan da yaro zai yi magana da mu. A sa hoton ruwa, hura, bayi, fita waje, da wani kati mai nufin "ciwo" a inda hannunsa zai kai. Duk lokacin da ya miƙo ɗaya, a faɗi sunan abin a fili, a ba shi. Yaron da ya gano cewa miƙa kati yana kawo ruwa cikin sauri fiye da ihu, zai rage ihun. Iyaye kan ji tsoron kada hotuna su sa ya ƙi buɗe baki. Nazarce-nazarcen da aka tattara ba su nuna haka ba. A wurin wasu yaran ma maganar ƙaruwa ta yi kaɗan.

Jira kuwa babban abokin gaba ne, domin "an jima" ba ta da kama. A haɗa bakin gorar roba biyu, a huda murfin, a zuba yashi mai laushi, an sami agogon yashi. Ko a sa tsakuwa biyar a kwano, ana ɗauke ɗaya-ɗaya. In sun ƙare lokaci ya yi. Ga yaron da ke yawan sa abu a baki, a yi amfani da murafen galan manya a maimakon tsakuwa.

Ranar da al'amura suka sauya

Wani zai ce, to ai wannan zai ƙara wa yaro nacewa ga abu guda. Tambaya ce mai kyau, kuma haka zai faru idan jadawalin bai taɓa sauyawa ba. Shi ya sa bayan yaro ya saba, ya kamata a riƙa sauya jerin da gangan jefi-jefi, domin abin da ake so ya koya shi ne duba jadawali, ba haddace shi ba. A yi wani kati na musamman mai launi dabam wanda ke nufin "yau akwai sauyi". A fara amfani da shi wajen sauyi mai daɗi, kamar zuwa kallon shanu a maimakon shara, sannan daga baya a kai ga mara daɗi.

Ranar kasuwa, ranar suna ko biki, zuwan wanzami, zuwa asibiti, shigowar azumi lokacin da girki da barci duk suke juyewa, da ranar Sallah mai sababbin tufafi da ganguna da cincirindon jama'a, duk ranaku ne da za a iya shirya musu tun kafin su zo. A zana abin da zai faru mataki-mataki, a riƙa dubawa tare kwana biyu ko uku kafin ranar. Katin ƙarshe kullum ya kasance hoton gida. Yaro zai iya jure aski in ya san aski yana ƙarewa.

Batun haɗari dabam yake. Jan kati a bakin rijiya ko a ƙofar zaure yana da amfani wajen koyarwa, amma ba ya maye gurbin murfin rijiya da sakata. Waɗannan yara da yawa suna da sha'awar ruwa kuma sukan fita ba tare da sanarwa ba, musamman da damina lokacin da kududdufai suka cika.

A cikin aji

Malamin da ke da yara tamanin zai ce ina ya ga lokacin wannan. Amsar ita ce ya yi wa ajin duka. Ya zana jerin darussan yini a gefen allo da ƙaramar alama kusa da kowanne, yana sharewa in an gama. Duk yaran za su amfana, har da masu raunin ji da waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Yaro mai galahanga a ba shi wurin zama guda, nesa da taga, da ƙaramin jadawali nasa a kan benci, da kati ɗaya na neman hutu. A ba shi aikin da ake ganin ƙarshensa: lissafi biyar a takarda ya fi "ci gaba da yi har in dawo". Haka malamin makarantar allo zai iya yin alama a inda karatun yau zai tsaya. Ya dace malamai su sani cewa dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin samun ilmi.

Iyakar wannan hanya

Hotuna ba sa warkar da galahanga, kuma har yanzu babu ƙwaya ko jiƙon da ke yin haka. Duk wanda ya ce yana da shi a riƙe aljihu. Wani babban bita da aka yi a Amurka a 2020 ya sa amfani da alamun gani a cikin hanyoyi 28 da bincike ya goyi bayansu, amma yawancin gwaje-gwajen a kan yara ƙalilan aka yi su, kuma a makarantun ƙasashe masu arziki. Gwajin da Patricia Howlin da abokan aikinta suka wallafa a Ingila a 2007, a kan yara 84, ya nuna yaran da aka horar da malamansu a kan miƙa hoto sun ƙara yawan isar da saƙo, amma maganar bakinsu ba ta ƙaru ba, kuma ci gaban bai ɗore ba a inda aka daina bibiyar malaman. Abin da wannan ke nunawa shi ne aikin na kullum ne.

Har ila yau, ba kowane ihu ne rashin fahimta ba. Yaron da halinsa ya sauya farat ɗaya a duba haƙorinsa, kunnensa, da cikinsa, domin ba zai iya cewa yana jin ciwo ba. Farfaɗiya ma ta fi yawa a tsakanin masu galahanga, kuma ita tana da magani. Mutanen Shagari da Boɗinga za su iya farawa daga asibitin da ke kusa su nemi a tura su sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Ga ɗaliban sakandare da ke da ƙane ko ƙanwa ko ɗan maƙwabta mai wannan lalura, akwai gwajin kimiyya na gaske da za su iya yi da izinin iyaye. A zaɓi aiki ɗaya da ke kawo rigima, alal misali wankan safe. A yi kwana bakwai ba a sauya komai ba, ana rubuta minti nawa aka ɗauka daga kiran yaro zuwa shigarsa ruwa, da kuma ko an yi kuka ko ba a yi ba. Sannan a shigo da kati biyu na "da farko, sannan", a ci gaba da rubutawa har kwana ashirin da ɗaya. Kada a sauya sabulu ko lokaci ko mai yin wankan a tsakani, in ba haka ba ba za a san abin da ya kawo bambancin ba. Mai yiwuwa kwanakin farko rigimar ta ƙaru, domin katin shi ma sabon abu ne. A zana sakamakon a takardar jadawalin lissafi, kwanaki a kwance, mintuna a tsaye. In layin ya sauka, a ƙara aiki na biyu. In bai sauka ba, a sake duba abu uku: ko yaron bai gane hoton ba a koma ga soson kansa, ko ƙosan bai dame shi ba a nemi abin da ya fi so, ko kuwa ruwan ne ya yi masa sanyi.